Wace gasar lissafi ce ta dace da yaro ɗan JSS1?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen malaman cikinmu da iyayen da suka taɓa sa yaransu. Yarona yana JSS1, shekararsa 11, lissafi dai Alhamdulillah ba ya ba shi wahala, to ya zo min da takarda daga makaranta wai a zaɓa masa gasar da zai shiga, akwai Kangaroo, akwai Olimfiyad ta NMC, wato Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, sai kuma masu son Cowbellpedia wai za a fara musu lesin daban bayan an tashi. Babansa ya ce kawai a sa shi duka ukun, ni kuma ina ganin abin zai masa yawa, ga islamiyya ga hadda da asuba. Wacce ce ta fi?

Baban Sadiq: Wa alaikumussalam. Hajiya ai wannan ba abin tambaya ba ne, Cowbellpedia mana. Ita ce ake nunawa a talabijin, ita ce mai kyauta mai tsoka, har malamin yaro ma ana ba shi nasa kason. Sauran nan takarda kawai za a miƙo masa ya kawo gida.

Uwargida Kaduna: Baban Sadiq kai dai kuɗin ka hango 😂

Baban Sadiq: To da me zan hango Hajiya, a wannan marrar?

Malam na Zariya: Wa alaikumussalam Maman Hanif, Allah ya raya mana shi. Ni lissafi nake koyarwa a sakandare kuma na raka yara irin waɗannan gasannin, bari in ce wani abu. Tambayar wacce ta fi ba za ta amsu ba sai mun san wane irin yaro ne Hanif, domin ukun nan da kika lissafa sunansu ne kawai ɗaya wai gasar lissafi, amma abin da kowacce take nema a jikin yaro daban ne. Cowbellpedia sauri take so. Kamfanin Promasidor masu madarar Cowbell ne ke ɗaukar nauyinta, tun 1998 suke yi a matsayin jarrabawar rubutu ta 'yan sakandare, sai a 2015 suka mai da ita shirin talabijin. Ana fara tace yara da jarrabawa, waɗanda suka tsallake su je gaban kyamara, kuma akwai zagayen da ake ba yaro daƙiƙa 60 ya amsa iya abin da zai iya. Yaron da zai yi kyau a nan shi ne wanda kafin ki rufe baki ya ba ki amsa, kuma idon mutane ba ya rikita shi. Olimfiyad kuwa akasin haka ce, tambaya ɗaya za ta iya cin awa guda, kuma idan aka yi nisa amsa kaɗai ba ta wadatarwa sai ka rubuta dalilin da ya sa amsar take haka. Kangaroo tana tsakiya, canki-canka ce mai zaɓi biyar, tambayoyin kamar wasa ƙwaƙwalwa, da zane-zane, ba ta dogara da haddace fomula.

Baban Sadiq: Malam ai wanda ya iya ya iya, ko da sauri ko a hankali.

Malam na Zariya: Ranka ya daɗe ba haka abin yake ba wallahi. Na koyar da wata yarinya da in ka tsayar da ita gaban aji ka ce 17 sau 6 sai ta daskare tana kallonka, amma ka ba ta tambaya mai wuya ta tafi da ita gida, gobe za ta dawo da hanya biyu ta warware ta. Irin wannan in ka tura ta gasar daƙiƙa 60 ka zalunce ta, za ta dawo tana cewa ita ba ta iya lissafi ba alhali ta fi duk 'yan ajin. Akwai kuma yaron da kansa kamar kalkuleta amma minti biyar in bai ga amsa ba ya ajiye biro. Shi ma in ka kai shi Olimfiyad tun yanzu gundura zai yi.

Maman Hanif: To Malam ni ta yaya zan gane nawa a wane ɓangare yake? Ni dai sakamakonsa nake gani, kullum lissafin ne ya fi ci.

Malam na Zariya: Sakamakon makaranta ba zai nuna miki ba Hajiya, saboda jarrabawar aji abin da aka koyar ake maimaitawa da wasu lambobi. Yi masa wannan yau da daddare bayan ya ci abinci, kar ki ce masa gwaji ne. Ki ce wani mutum yana da kaji da awaki a gida, da aka ƙirga kawuna 20 ne, da aka ƙirga ƙafafu 56, kaji nawa awaki nawa? Kar ki sa masa lokaci, kar ki taimaka masa, ke dai ki zuba ido. Ba amsar na damu da ita ba, abin da zai yi in ya maƙale nake so ki gani. Zai ce ba a koya mana ba ya miƙe? Zai fara gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya? Zai zana? In ya samu sai ki ce masa ya aka yi ka san babu wata amsar bayan wannan, ki ga ko tambayar za ta ba shi haushi ko za ta burge shi.

Baban Sadiq: Kaji 12 awaki 8

Uwargida Kaduna: Kai Baban Sadiq wa ya tambaye ka, yara aka ba 🤦🏽‍♀️

Injiniya Gusau: Ni ina SS1 na shiga Olimfiyad ɗin, bari in ba da nawa. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa ce ke shirya ta, wato NMC, wadda ke Sheda a yankin Kwali kan hanyar Abuja zuwa Lokoja. Zagaye-zagaye ake yi ana rage mutane har a tsamo 'yan kaɗan a kai su sansani a horar da su, daga cikinsu ake fitar da masu wakiltar Najeriya a ta Afirka da ta duniya. Ta duniyar, IMO, tun 1959 aka fara ta a Romaniya, kowace ƙasa yara 6 kacal take kaiwa, tambayoyi 6 ne a kwana biyu, kullum guda 3 a cikin awa huɗu da rabi, kowace tambaya maki 7, jimla 42. Ku duba fa, awa huɗu da rabi a kan tambaya uku, kuma sau tari yaro mai kaifin gaske zai fito bai gama ko ɗaya ba. Babu kalkuleta, kuma ba wai lissafin jami'a ake kawowa ba, jometiri ne da aljabra da ilimin lambobi da na ƙirge, abin da ɗan sakandare zai fahimci tambayar sarai amma hanyar shiga ce ba ya gani.

Maman Hanif: Innalillahi, awa huɗu da rabi? Hanif ɗin da ko wajen aski ba ya iya zama

Injiniya Gusau: 😂 A'a Anti wannan ƙarshen tafiyar kenan, ba nan ake farawa ba, akwai rukunin ƙanana. Na kawo ne don ki san inda hanyar ta nufa. Ga ɗan misalin irin tunanin da ake so: ɗauki lambobi uku a jere, kamar 4, 5, 6 ko 9, 10, 11, ki ninka su, kullum abin da ya fito 6 za ta raba shi ba saura. Ɗan gasar sauri zai gwada biyu ya ce haka ne ya wuce. A Olimfiyad gwaji ko dubu ka yi ba maki, sai ka ce a cikin kowace uku a jere dole a samu wadda 2 ke rabawa, dole kuma a samu wadda 3 ke rabawa, don haka 6 ta shiga. Layi biyu ne amma shi ne duk aikin. Mu matsalar da muka samu lokacin babu wanda ya taɓa nuna mana yadda ake rubuta hujja, a makaranta nemo x kawai muka sani, muka shiga zagaye na biyu muna kallon takarda tana kallonmu. Don haka kafin ki biya komai ki tambayi makarantar waye zai horar da su, kuma shi ɗin ya taɓa warware irin tambayoyin? In lesin ɗin littafin aji za a sake bi da su to ɓata lokaci ne.

Hajiya Babba: Ni makaranta nake riƙewa, firamare da ƙaramar sakandare, kuma abin da zan ƙara a kan na Malam shi ne shekaru. Ku iyaye kun san wannan a musabaƙa, ba wanda ke ɗaukar yaro mai izu 2 ya tsayar da shi a rukunin izu 60 don wai yana da ƙoƙari, amma da an zo boko sai ku ce a sa shi a babbar. Ɗan shekara 11 da bai taɓa shiga kowace gasa ba ni Kangaroo nake fara sa shi. An raba ta rukuni-rukuni tun daga 'yan firamare har 'yan SS3, tambayoyin farko masu maki 3 ne kusan kowa zai taɓuka, sai masu 4, sai masu 5 da ke sa yaro gumi, to ko bai ci komai ba zai fito da abin da ya iya, ba zai fito yana kuka ba. Sau ɗaya ake yi a shekara a watan Maris, zama ɗaya an gama, ba ta cin lokacin islamiyya.

Ɗan Damagaram: Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku daga nan Zinder. Kangaroo ɗin nan asalinta Faransa ce, a 1991 wasu malamai biyu suka fara ta, sun kwaikwayo wata gasa ta ƙasar Ostareliya shi ya sa suka sa mata sunan dabbar can. Mu da muka yi lakwal da Faransanci Kangourou muke ce mata. Abin da nake so in ja hankali a kai shi ne harshe. Tambayoyinta labari ne, ba lamba zalla ba, yaro in bai ji Faransancin ko Turancin da kyau ba zai faɗi alhali ba lissafin ne ya kayar da shi ba. Ɗan ƙanena yana CM2, wato ajin ƙarshe na firamare a wajenmu, in na karanta masa tambaya da Hausa nan take yake ba ni amsa, in na bar shi da takardar sai ya yi ta juya ta.

Malam na Zariya: Wannan magana taka ita ce babbar matsalarmu a nan ma, Allah ya saka. Kalma ɗaya kamar "aƙalla" ko "bai wuce" in ta zo da Turanci tana kayar da rabin aji. Maman Hanif in kin samo tambayoyin shekarun baya, suna nan a intanet, wadda ya faɗi ki fassara masa da Hausa ki gani. In ya ci bayan fassara to karatun Turanci za a ƙara masa, ba lesin ɗin lissafi ba.

Abban Khairat: Ni gargaɗi na zo da shi. Bara wasu suka zo makarantar su Khairat da fom mai ƙyalli wai gasar lissafi ta ƙasa da ƙasa, muka biya kuɗin rajista, aka yi jarrabawa, bayan sati biyu aka ce ta ci lambar zinare. Murna a gidan nan ba a magana, har kaza aka yanka. Sai ga wata takarda wai ta cancanci zagaye na biyu a ƙasar waje, a biya kuɗin jirgi da masauki da na mai rakiya, da dala. Da na bincika ashe kusan duk wanda ya zauna jarrabawar a ajinsu an ba shi zinare ko azurfa kuma kowa an gayyace shi. To wace irin gasa ce kowa na ɗaya?

Uwargida Kaduna: Wallahi mu ma an kawo mana irinta, har da cewa satifiket ɗin zai sa a ba yaro sikolashif a Ingila. Na ce su nuna min yaro ɗaya da ya samu, shiru kake ji.

Hajiya Babba: Kullum sai sun zo ofishina, wani ma har da tayin kaso a kan kowane yaro da na kawo. Ni abu uku nake tambaya, su waye ke shiryawa kuma ina ofishinsu, ina tambayoyin bara, sannan yara nawa suka zauna nawa aka ba lamba. Mai gaskiya ba ya jin nauyin amsa waɗannan. Ba na cewa duk mai karɓar kuɗi macuci ne, Kangaroo ma ana biyan kuɗin rajista, buga takarda da maki ai ba kyauta ba ne. Amma duk gasar da kowane mataki sai an ce kawo, kuma kuɗin ƙaruwa yake, to kasuwa ce.

Baban Sadiq: To kun ga dai maganata ta fito, gara wadda ake gani a talabijin kowa shaida ne 😎

Injiniya Gusau: Yaya ba wanda ya ce ba ta da kyau fa. Yaro mai sauri da ƙarfin hali ta dace da shi ɗari bisa ɗari, kuma tana sa yara son lissafi, ƙannena saboda ita suka fara gasa da juna a falo. Sai dai a duba ƙa'idar shekarar, wane aji ake ɗauka da wane fanni za a tambaya, don suna canza tsari, kar a dogara da abin da aka gani a shirin shekarun baya. Kuma a yara dubbai da ke zaunawa 'yan kaɗan ne ke kaiwa talabijin, in don kyautar aka shiga to yawancin gidaje baƙin ciki za su kwasa.

Maman 'Yan Biyu: Dan Allah ku taimaka min nima, nawa suna aji 5 na firamare mace da namiji, akwai wadda ta dace da su ko sai sun shiga sakandare?

Hajiya Babba: Akwai. Ban da Kangaroo, makarantun NTIC, waɗanda aka fi sani da Turkish a da, suna shirya gasar lissafi ta ƙasa duk shekara tare da NMC, 'yan aji 5 da 6 na firamare na shiga da 'yan JSS3, kuma waɗanda suka yi fice ana ba su sikolashif a makarantun. Sai ƙungiyar malaman lissafi ta MAN, su ma suna yin tasu daga matakin jiha zuwa ƙasa, ki tambayi malamin lissafinsu ko makarantar na shiga. Amma ki yi shawara da babansu tun kafin a zauna, in ɗaya ya samu gurbi a makarantar kwana ɗaya bai samu ba ya za ku yi? Na ga gidan da wannan ya zama rigima.

Maman 'Yan Biyu: Kai Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi, don macen ta fi namijin kuma babansu shi namijin yake so a tura

Injiniya Gusau: Anti a tura wanda ya fi so kuma ya fi iyawa. Gasar Afirka ta PAMO da aka fara a Maroko a 1987 yanzu har lambobi na musamman take ba 'yan mata, ana neman su ido rufe.

Maman Hanif: Jama'a na dawo da rahoto. Na ba shi ta kaji da awakin. Da farko ya ce Mama ba a ba mu fomular wannan ba, na yi banza da shi ina ta tsintar shinkafata. Can sai na ga ya zana da'ira 20 a bayan littafinsa ya sa wa kowacce ƙafa biyu, ya ƙirga 40, ya yi shiru, sai ya fara ƙara ƙafa bibbiyu yana ƙirgawa har ya kai 56, ya ce awaki 8. Ya ɗau kusan minti 20. Da na ce ya aka yi ka san babu wata amsar sai ya ce ai duk akuyar da aka ƙara ƙafa biyu take ƙarawa, in aka ƙara ko aka rage ba zai zama 56 ba. Yanzu haka wai in ba shi wata.

Malam na Zariya: Masha Allah, to ai ya ba ki hujja da bakinsa ba tare da ya san sunanta ba. Wannan ba ɗan daƙiƙa 60 ba ne, aƙalla ba yanzu ba. Shawarata bana Kangaroo kaɗai, ki bar lesin ɗin bayan tashi. Tambaya biyu ko uku a sati daga na shekarun baya sun ishe shi, Alhamis ko Juma'a da ba islamiyya. In ya shiga JSS2 yana nan da wannan naci sai a gwada Olimfiyad ta ƙanana. Kuma dan Allah in sakamako ya fito kar a fara da na nawa ka zo, ku zauna ku duba waɗanda ya faɗi tare.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai Malam, Allah ya saka da alheri. Saura shawo kan babansa, shi fa ya riga ya gaya wa abokansa ɗansa zai fito a talabijin 😅

Baban Sadiq: Ki turo min lambarsa Hajiya, ni da shi ra'ayinmu ɗaya

Malam na Zariya: Tunda ya ce a ba shi wata, ga ta, har da 'yan biyu su gwada. A zana gida tara, uku-uku, irin na hatimi, a zuba 1 zuwa 9 ba maimaici, ta yadda kowane layi a kwance da a tsaye da a karkace zai ba da 15. Wannan fanni ba baƙo ba ne a wajenmu, wani malami Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya yi rubutu a kansa da Larabci a 1732, a Alƙahira ya rasu a 1741. In sun samu, tambaya ta biyu ita ce me ya sa dole 5 ce za ta zauna a tsakiya. Manya kar wanda ya turo amsa sai Asabar.

Baban Sadiq: 8 1 6, 3 5 7, 4 9 2

Uwargida Kaduna: Admin dan Allah a goge masa

Admin: Na goge. Baban Sadiq ka yi ta biyun in ka isa, amma ka tura wa Malam shi kaɗai.